Yadda ake haɗa lambun bayan gida a ƙarshen hunturu, ba tare da kaji da tsuntsaye sun cinye maka ba

Da zarar an shiga Fabrairu, hazo ya fara sauƙi, mutum ya fara ture bargo da tsakar dare, sai kaga mutane sun tashi da sha'awar lambu, saboda sun shiga kasuwa sun ga tumatir da latas da kabeji sun yi kyau sun yi arha, kowa yace bari shima ya yi nasa a gida. To abin da kake gani a kasuwa yanzu tun Oktoba ko Nuwamba aka shuka shi, sanyi ne ya rene shi, sanyin nan kuma ga shi yana shirin tafiya. In ka yafa irin tumatir yau, zai yi sati 4 a reno, ka dasa, ya ƙara kusan wata guda kafin ya yi fure sosai, kaga furen ya faɗo cikin Afrilu kenan, lokacin da zafi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yake kaiwa digiri 40 har ya wuce, shi kuwa furen tumatir in zafi ya haura 35 zubewa yake yi, sai ka tashi da ganye kore shar ba ɗa ko ɗaya. Dan haka lambun wannan lokaci na masu jure zafi ne, kuma rabin aikinsa ba shuka bane, tattalin ruwa ne da inuwa da tsaro, domin daji ya bushe, duk wani mai baki a unguwa, daga akuya har ɗan tsuntsu, koren nan naka zai hango.

Kayan da zaka tanada

Fartanya, shebur in akwai, manjagara (in babu yatsunka ko guntun katako sun isa baje ƙasa), bokiti, da butar ban ruwa mai kan rariya. In baka da butar, ka samu gwangwanin madara babba ko na tumatir ka huda gindinsa da ƙaramar ƙusa wuri 15 zuwa 20, ka riƙa ɗibar ruwa da shi daga bokiti, aikin ɗaya ne. Sai tsohon taki na awaki ko tumaki ko shanu, busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa na rufe ƙasa, karan dawa ko zana na shinge da rumfa, igiya, tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi, toka, kasko ko faranti mara zurfi guda 1 ko 2 saboda tsuntsaye. Wanda gidansa siminti ne ko haya yake, ya nemi buhunan shinkafa ko na taki, ko tsofaffin bokitai da bahon da ya tsage.

Iri kuma: alayyafo, kuɓewa, lalo, rama, yakuwa, gurji ko kokwamba, zogale. Ka sayi iri wurin wanda kasan yana lambu da kansa ko shagon da kaya ke juyawa, ka guji wanda ya daɗe a shanye a rana cikin leda. In kana shakka, ɗauki ƙwaya 10 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye a ɗaki kwana 4 zuwa 5, in 7 suka tsiro irin lafiyarsa lau, in 3 ne kawai kada ka ɓata ruwanka.

1. Zaɓen wuri

Ka tsaya ka lura da gidan kwana ɗaya kafin ka sa fartanya. Wurin da kake nema shi ne wanda rana ke samunsa daga safe har zuwa azahar, sannan inuwar katanga ko ɗaki ta rufe shi da yamma, wato gefen gabas na wani gini. Ranar safe ke gina shuka, ta bayan azahar a watan Maris ƙonawa take yi. Kada ka yi shi a gindin darbejiya ko mangwaro dan kana neman inuwa, saiwarsu zata shanye duk ruwan da ka zuba ta barka da shuka mai siririn wuya. Kuma ya zama kusa da inda ruwa yake, rijiya ko famfo ko wurin alwala, dan lambun da sai an yi tafiya da bokiti kafin a kai gare shi sati 2 ake yi ana marmarinsa.

2. Shinge tukuna, kafin komai

Wannan shi ne inda masu farawa suke faɗuwa, su shuka da niyyar gobe za su kewaye. Tun da aka gama kaka aka saki dabbobi, awakin makwabta yawo suke yi gida-gida, akuya ɗaya kuma minti 5 ya ishe ta ta gama da aikin wata guda. Ka kafa turaku masu ƙarfi, tazarar taku 2 tsakaninsu, ka ɗaura karan dawa a tsaye a matse, tsawon ƙirjinka ko fiye, ka ɗaure sama da ƙasa da tsakiya. Ƙasan shingen ya shiga cikin ƙasa ɗan kaɗan, dan 'yan tsaki ta nan suke kutsawa, in ɗaya ya shiga kuwa uwar sai ta san yadda ta yi ta bi shi. In kana ƙauye ga ƙayar magarya ko aduwa, jera ta a bayan karan, akuya bata son ta. Zana ma tana yi, kuma tana tare iskar hunturu da ƙura ta gefen arewa da gabas inda take bugowa. Ƙofa ka yi mata maɗauri na gaske wanda yaro zai iya rufewa, dan yawancin ɓarnar da na gani ta ƙofa take shiga ba ta shinge ba.

3. Taki da gyaran ƙasa

Kada ka yi kunya mai tudu irin ta damina. Yanzu fangali ake yi, wato wurin shukar ya ɗan nutse ƙasa, bakinsa ya kewaye shi, yadda ruwa zai tsaya a ciki ya nutse maimakon ya gangare. Faɗinsa kamu 2, kamar mita 1, dan hannunka ya kai tsakiya ba sai ka taka ciki ba, tsawo mita 2. Mai farawa fangali 2 ko 3 sun ishe shi, kada zumuɗi ya sa ka yi 8, lissafin ruwa yana zuwa a gaba zaka ga dalili.

Ƙasar rani tauri gare ta, sai ka jiƙa wurin da yamma ka bari ya kwana, da safe ka kafta zurfin taƙi guda ko fiye, ka farfasa hoge, ka tsince duwatsu da leda. Kowane fangali bokiti 2 na ruɓaɓɓen taki, ka cakuɗa sosai. In ƙasar jigawa ce mai yashi ƙara bokiti na 3, in laka ce mai tsagewa in ta bushe ka haɗa da yashi ko buntu.

Maganar taki tana buƙatar a tsaya. Ɗanyen kashin dabbobi, musamman na kaji, zafi gare shi, yana ƙone tsiro tun yana fitowa. Yadda zaka gane wanda ya yi shi ne ya koma baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, ba wari mai hawa kai, in ka cusa hannu cikin tsibin ba zaka ji ɗumi ba. In ɗanye ne kawai kake da shi, tara shi wuri guda ka yayyafa ruwa ya jiƙu, ka rufe da tsohon buhu, duk sati ka juya ka ƙara ruwa, sati 3 zuwa 4 zai huce. Kana juyawa zaka ga gwazarma fara ƙatuwa a naɗe, tsince ta ka watsa wa kaji, kada ta bi taki ta shiga fangali tana cin saiwa. Takin bola kuma ana amfani da shi amma sai an tankaɗe, kuma ni dai in na ga fasassun batura ko kwalaben magani a juji bana ɗiba, ganyen nan cikinmu zai shiga.

In ka gama, ka shayar da fangalin babu komai a ciki har kwana 3 zuwa 5. Takin zai kwanta, 'ya'yan ciyawar da ke ciki za su tsiro ka share su da hannu tun kafin su haɗu da naka ka kasa bambancewa.

Masu buhu: ƙasa kashi 2, taki kashi 1, yashi ko buntu kashi 1. Naɗe bakin buhun ya koma rabi, huda gindi da gefen ƙasa wuri 8 zuwa 10, cika shi saura yatsa 4. Kada ka ɗora shi kai tsaye a kan simintin da rana ke dukansa, sa katako ko kwali a ƙasa, kuma jera buhunan a manne da juna dan su yi wa juna inuwa. Buhun leda rana tana cinye shi cikin 'yan watanni, dan haka in ka ajiye shi kada ka riƙa ɗagawa, zai yage a hannunka.

4. Shuka

Da yamma ake yi, bayan la'asar, ƙasa da danshi amma ba caɓi ba.

Alayyafo shi zan ce kowa ya fara da shi dan shi ne baya ba da kunya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, in ka yafa shi haka zai taru wuri ɗaya. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya ka cakuɗa da busasshen yashi cikin gwangwani ɗaya, ka yafa a fangalin gaba ɗaya, sai ka shafa ƙasa sama-sama da tafin hannu, kada ka binne shi da zurfi ba zai iya fitowa ba. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa shara-shara a kai, ka ba da ruwa ta saman ciyawar. Kwana 3 zuwa 5 zaka ga ya ɓullo, ranar da ka gani ranar zaka ɗage ciyawar, da yamma, in ka ƙara kwana 2 zai yi dogon wuya fari ya kwanta. In ya yi sati 2 ka rage shi, tazarar yatsa 4 tsakani, wanda ka cire ka dasa a wani wuri ko ya shiga miya. Sati 3 zuwa 4 ka fara ci. In kana so ya daɗe kada ka tuge, yanka shi ka bar ganye 3 ko 4 a ƙasa, zai sake tofowa sau 2 ko 3. Kuma kada ka shuka duka rana ɗaya, rabin fangali yau rabi bayan sati 2, in ba haka ba zai zo maka lokaci guda kuna ci kuna rabawa makwabta, bayan nan shiru.

Kuɓewa bata son sanyi ko kaɗan. In har yanzu da asuba sai an ɗumama ruwan alwala a garinku, ƙara mata sati 1 ko 2, dan in ka shuka ta cikin sanyi zata fito ta tsugune bata gaba bata baya. Jiƙa irin ya kwana a ruwa, wanda ya taso sama ka zubar, rami zurfin gaɓar yatsa, ƙwaya 3, tazarar kamu 1. In sun yi ganye 4 ka bar 1 ko 2 masu ƙarfi. A buhu gindi 2 ya isa. Nemi gajera mai saurin haihuwa, wajen kwana 50 zuwa 60 take fara bayarwa, in ta fara kuma duk kwana 2 sai ka tsinka, ɗan da ka bari ya tsufa a jiki shi ke sa uwar ta rage haihuwa.

Lalo yana da taurin kai wurin tsira. Ƙulle irin a ƙyalle, tafasa ruwa ka sauke, tsoma ƙullin ka ƙirga 10, cire ka tsoma a ruwan sanyi, baza a inuwa ya sha iska sannan ka yafa kamar alayyafo. Kada ka bar shi cikin ruwan zafin ka tafi wani aiki, dafa shi ka yi kenan. Rama da yakuwa a layi ake sa su, tazarar taƙi guda, ganye kake nema yanzu, zoɓorodo sai na damina. Gurji da kokwamba a gindin shinge dan su hau. Albasar da ta tsiro a kicin kada a yar, a dasa ta a bakin fangali ana yankar lawashi, haka reshen na'a-na'a da ɗoɗɗoya.

Zogale kuma wannan ne lokacin renonsa. Ledar fiya wata ka yanke bakinta ka huda gindi, cika da haɗin ƙasar nan, ƙwaya 2 a kowace, jera a inuwa mai ɗan haske. Sati 1 zuwa 2 ya fito. Ruwa kaɗan yake so, yawan ruwa ke ruɓar da shi.

5. Ruwa

Ga lissafin da na ce. Fangali mai mita 1 da mita 2 yana shan wajen lita 10 zuwa 12 a rana a Fabrairu, wato jarka ɗaya ta 'yan garuwa mai lita 25 zata riƙe fangali 2. In Afrilu ta kama sai ka ƙara rabin jarka a kai. In sayen ruwa kake yi, ninka wannan da kwana 30 ka ga ko aljihunka zai ɗauka tun kafin ka faɗaɗa.

Satin farko safe da yamma, kaɗan-kaɗan, dan saman ƙasa kada ya bushe ya yi ɓawo. Daga sati na 2 ka koma sau ɗaya amma mai yawa, ya nutse, dan saiwa ta bi shi ƙasa. Yayyafi sama-sama kullum shi ke sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya ka yi tafiya ka dawo ka tarar komai ya kwanta. Cusa yatsa cikin ƙasa, in gaɓa 2 a bushe take lokacin ruwa ya yi. Kada ka ruɗu da yaushin tsakar rana, kuɓewa da kokwamba suna sauke ganye da azahar ko da ruwa a gindinsu, in da magariba sun miƙe lafiya suke, in da asuba ka gansu a yaushe to ƙishi ne na gaske.

Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa da na kayan miya duk a tara a bokiti, suna yi. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, kada ya je kan ganyen da za a ci, kuma yana kashe ƙasa a hankali.

Da shuka ta kai tsawon yatsa ka rufe ƙasar da ke tsakani da ɓawon gyaɗa ko ciyawa, kaurin yatsa 2 zuwa 3, amma kada ya taɓa jikin shukar. Wannan kaɗai yana rage maka ruwa sosai. Matsalarsa gara, dan haka duk bayan kwana 2 ɗaga gefe ka duba, in ka ganta barbaɗa toka, in ta yi yawa kwashe ka watsa wa kaji su yi biki. Wanda ruwa ke masa wuya ƙwarai ya samu tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, ya binne shi har wuya a tsakiya, ya shuka kuɓewa ko gurji kewaye da shi tazarar taƙi guda, ya riƙa cika shi yana rufe bakin. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin tulun daidai yadda ƙasa ke buƙata. In babu tulu, robar lemo babba da aka huda da allura wuri 3 ko 4 tana ɗan taɓukawa.

6. Rumfa

Cikin Maris zaka ga gefen ganye ya fara ƙonewa. Kafa sanduna 4, tsawon kafaɗa, ka jera kara a sama da tazara yadda in ka kalli ƙasa zaka ga rabi haske rabi inuwa. Kada ka rufe ruf da zana, shuka zata yi tsawo ba ƙwari. Alayyafo da lalo da renon zogale su ke buƙata, kuɓewa bar ta a rana abinta.

In kana da tumatir ko latas da ka shuka tun farkon sanyi, su ma ka yi musu rumfar, kuma kada ka yi wa tumatir fashin ruwa, yau a bushe gobe a cike shi ke sa gindin 'ya'yan ya yi baƙi ko su tsage. Ka riƙa duba ganyensa, in ka ga wani farin zane a cikin ganyen kamar an kankare shi, ka ɗaga a haske ka ga 'yar tsutsa a ciki, sharon ce, wadda ta yi wa manoman Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina mummunar ɓarna a 2016, kuma da zafi take ƙaruwa. Tsinke ganyen ka ƙona, in ta mamaye tuge gaba ɗaya. Latas in ya fara miƙa kara sama ya yi ɗaci, bar gindi 2 su yi fure ka samu iri, sauran ba wa dabbobi.

7. Tsuntsaye

Yanzu kududdufai sun ƙafe, tsuntsun da ke sauka a lambunka yana tsattsage tumatir ko yana tsinke ɗan tsiro, sau da yawa ruwa yake nema. Dan haka kafin ka fara kora, ba shi ruwa a wani wuri. Kasko mara zurfi, ruwa kada ya wuce yatsa 2, ka sa 'yan duwatsu 3 ko 4 da suka ɗan fito sama dan ƙanana su samu wurin tsayawa. Ajiye shi a inuwa, can nesa da fangali, ɗaya gefen gidan in da hali, a kan tsohon turmi ko bulo 3 ko ka rataye a reshe, wurin da babu abin da mage zata laɓe a bayansa. Kullum da safe zubar da na jiya a gindin bishiya ka cuɗa kaskon ka sake sabo, in ka bar shi kwanaki sauro zai yi ƙwai a ciki.

Kwana 2 ko 3 na farko ba mai zuwa, kada ka ɗauke. Baiwar Allah ce ke fara sauka, 'yan jajayen nan da basa tsoron mutum, su jeru a bakin kasko suna tsoma baki suna ɗaga kai sama, sai kurciya ta zo tana taku a hankali tana waige, ita bata ɗaga kai, in ta kafa baki zuƙa take yi har sai ta ƙoshi, sai marai su zo da hayaniya su shiga ciki gaba ɗaya su yi wanka su fantsalar da rabin ruwan. Zaka ga zuma ma tana sauka a kan duwatsun, bar ta, ita ce zata bi furen gurji da kokwamba su yi 'ya'ya. In ka yi sa'a alhudahuda ya saba da gidan, shi kam ma'aikaci ne, dogon bakin nan tsutsar cikin ƙasa yake zaƙulowa da shi. Abinci ba dole bane, in zaka ba su tafin hannu ɗaya na gero ko tsaki da safe ya isa, wanda zai ƙare kafin rana ta yi, in ya kwana ɓera ka gayyata. Yara kuma a ja musu kunne kan danƙo, in aka harbi tsuntsayen sau 2 a wurin sun daina zuwa, su koma fangali ta bayan ido.

Duk da haka sati 2 na farko sai ka rufe shukar, dan kurciya tana tsince iri, ƙadangare kuma ya fi kowa ɓarna a kan sabon tsiro, shi ruwan kasko bai dame shi ba. Lanƙwasa tsumagu ko ka kafa gajerun sanduna, ka shimfiɗa tsohon gidan sauro da aka wanke, ka ja shi ya miƙe, ka danne gefuna da ƙasa ko duwatsu ba kafa ko ɗaya. In ya yi sako-sako tsuntsu zai sarƙe a ciki, dan haka ka riƙa leƙawa. Kada a ɗauko gidan sauron da yara ke kwana a ciki dan Allah. In babu, rassan ƙaya a kan fangalin suna hana sauka. Su faifan CD da zaren kaset da leda mai ƙara a igiya suna aiki kwana 3 ko 4 ne kawai tsuntsu ya gane, sai kana canja musu wuri.

8. Kajin gida

Kaza bata cin shuka kamar yadda take tone ta, danshin fangali take so ta yi birgima. Yi mata nata: wani lungu mai inuwa ka zuba yashi da toka ka ɗan yayyafa ruwa, nan zata koma, kuma tokar tana rage mata ƙwarƙwata. Wadda ta iya tsallake shinge a rage mata dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, ɗaya kawai, kada a kai ga inda jini yake. Zabi kam sai dai a rufe saman lambun ko a bar su a kulle har shuka ta yi ƙwari. Ciyawar da ka cire da ganyen da ya tsufa duk nasu ne, kashinsu kuma in an share akurki ya tafi tsibin taki, ba fangali kai tsaye ba.

Ruwan kaji daban, na tsuntsayen waje daban, saboda gudun yaɗa cuta, shi yasa nace a ɗaga kaskon sama. Lokacin sanyi zuwa farkon zafi ne annobar Newcastle ta fi share kajin gida, murar tsuntsaye ma a Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a jihar Kaduna. Rigakafin Newcastle ana samu wurin malaman dabbobi, cibiyar Vom ta kusa da Jos tana yin sa, kuma lafiyayyu ake yi wa, ba waɗanda suka riga suka kwanta ba. Kazar da ka sayo a kasuwa ko aka baka kyauta ta yi sati 2 a ware kafin ta shiga cikin naka. In ka ga suna mutuwa da yawa a kwana 1 ko 2, kada a yanka a ci, kada a jefar a bola, a binne da zurfi a sanar da malamin dabbobi. 'Yan tsaki kuma ka jingina musu zana ko ka tara rassa a tsakar gida inda za su ruga su ɓuya, bishiyoyi sun kaɗe ganye shirwa tana ganin komai daga sama.

9. Ƙwari da ƙarin abinci

Duk safiya juya ganye ka duba bayansa, nan darɓa da farin ƙuda suke zama, da wani ɗan jan gizo-gizo da ƙura da zafi ke kawowa, wanda ke sa ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya koɗe. Tun suna kaɗan wanke bayan ganyen da ruwa ya isa. In sun yi yawa, kirɓa ɗanyen ganyen darbejiya kamar kilo 1, jiƙa a lita 5 na ruwa ya kwana, tace da ƙyalle, narka ɗan guntun sabulun wanki a ciki dan ya kama ganye, ka yayyafa da yamma da tsintsiya ko robar da aka huda murfinta, sama da ƙasan ganye. Maimaita bayan kwana 5, ka daina kwana 3 kafin ka tsinka, in ba haka ba miya zata yi ɗaci. Ota-fiya-fiya da maganin feshin gona na auduga ko wake, kada su kusanci ganyen da za a ci cikin sati, ba wasa nake ba.

In alayyafo ya yi fari-fari bayan yankan farko yunwa yake ji. Zuba ruɓaɓɓen taki a buhu ka ɗaure ka tsoma a baho na ruwa sati guda, ɗebi kofi 1 ka haɗa da kofi 5 na ruwa ka zuba a gindi. Mai yuriya kuma babban cokali 1 a bokitin lita 10, a ƙasa mai danshi, ba a kan ganye ba, ka bi da ruwa zalla.

10. Kafin ruwan sama

In ka fara ganin shamuwa a kan bishiyoyin gari, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, fara shiri. Fangalin nan da ya taimake ka a rani shi zai nutsar da shukarka a ruwan farko mai ƙarfi, dan haka fasa bakinsa ta gefe ɗaya ka yi wa ruwa hanya, sabon da zaka yi kuma ya zama mai tudu. Rumfa ka ƙara mata ɗauri ko ka sauke ta, iskar hadarin farko tana kwashe ta ta maka a kan kuɓewa. Zaɓi alayyafo 2 da kuɓewa 2 mafi kyau ka ɗaura musu ƙyalle dan kada a tsinka, su bushe a jiki, ka adana irin a kwalba da 'yar toka ka rubuta suna. Zogalen leda kuma haƙa masa rami tun yanzu, zurfin kamu 1, rabi taki rabi ƙasa, amma kada ka dasa a ruwan farko, jira sai an yi na 2 ko na 3 ƙasa ta jiƙu har ciki, ka yanke ledar da reza maimakon ka zare shi, in ya kai tsawon ƙugunka ka tsinke kansa dan ya yi rassa a inda hannu zai kai.